Zomo ko ɓera: da wanne za ka gwada magani a kan ciwon ƙyauren zuciya?

Wata ɗaliba mai digiri na biyu ta kawo mini takardar shirin bincikenta. Tana son ta gwada haɗin magunguna biyu a kan ƙwayar Staphylococcus aureus idan ta kama ƙyauren zuciya, kuma ta riga ta rubuta zomaye a lissafin kayan aiki. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Malam, ai duk takardun da na karanta da zomo suka yi." Na ce to madalla, amma a ina za ki ajiye su a watan Afrilu, kuma wa zai ba ki wutar da famfon allura mai ɗura wa dabba magani zai kwana uku yana aiki bai tsaya ba? Muka shafe fiye da awa guda muna kai da kawo. Abin da ke biye shi ne abin da muka tattauna, da ƙarin abin da ban samu faɗa mata ba a ranar.

Sai an fahimci cutar kafin a fahimci dalilin wahalar da dabba a kanta. Zuciya tana da ƙyaure huɗu, waɗanda likitoci ke kira bawul, masu buɗewa jini ya wuce su rufe kada ya koma. Idan ɗayansu ya ji rauni, kamar yadda zazzaɓin da ke bin ciwon maƙogwaro yake lalata wa yara da matasa da yawa a ƙasashenmu, jini yakan daskare a kan raunin ya yi ɗan ƙullutu. Ƙullutun nan shi ne masaukin ƙwayoyin cuta. Duk ranar da suka shiga jini, ta dasashi ko ta allura ko ta ƙurji, sai su maƙale a jikinsa, wani sabon daskararren jinin ya lulluɓe su, su yi ta hayayyafa a ciki har a samu biliyan ɗaya ko fiye a giram guda. Babu jijiyar jini a cikin ƙullutun, kuma fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta ba sa iya kutsawa sosai. Saboda haka magani shi kaɗai ne a filin daga. Maganin da iyakarsa ya hana ƙwayar cuta yaɗuwa ya jira jiki ya ƙarasa aikin ba ya wadatarwa a nan, dole sai mai kisa. Kafin zuwan penisilin kusan duk wanda cutar ta kama mutuwa yake yi. Wannan ya sa masu bincike suka mayar da ita ma'auni: maganin da ya iya share ƙullutun zuciya ya ci jarrabawa mafi tsanani.

Zomo ne ya fara shiga fagen. A 1970 Garrison da Freedman na jami'ar Yale a Amurka suka nuna cewa idan aka zura siririyar roba cikin zuciyar zomo aka bar ta, ƙullutu yana fitowa a inda take gogawa, kuma ƙwayar cuta tana kama shi cikin sauƙi. A ɓangaren dama suka fara, shekara ta zagayo Perlman da Freedman suka kai aikin ɓangaren hagu, inda cutar ta fi kama mutane. A 1972 Durack da Beeson a Oksfod suka daidaita hanyar da har yau ake bi: a sa roba, a jira ƙullutu ya fito, sannan a yi wa dabbar allurar ƙwayoyin cuta ta jijiya. Ɓera ya biyo baya a 1978 ta hannun Santoro da Levison a Filadelfiya, daga nan masu bincike na Lozan a Suwizalan, su Glauser da Moreillon da Entenza, suka riƙe shi shekaru da dama. Aikin tiyatar kusan iri ɗaya ne a dabbobin biyu. Ana buɗe jijiyar wuya ta dama, a tura robar har ta ratsa ƙyauren babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, a ɗaure. Bayan kwana ɗaya ko biyu a sa ƙwayar cuta, ta jijiyar kunne a zomo, ta jijiyar wutsiya a ɓera. Washegari ko kafin haka a fara magani, a ba da shi na 'yan kwanaki, sannan a kashe dabbar, a ciro ƙullutun, a auna nauyinsa, a niƙe, a shuka a faranti, a ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kowane giram.

To tunda hanyar ɗaya ce, ina bambancin? Girma ne farko, kuma daga girman nan kusan komai ya samo asali. Farin zomon gwaji, irin da ake kira New Zealand, yana kai kilo 2 zuwa 3. Farin ɓeran gwaji, Wistar ko Sprague-Dawley, giram 200 zuwa 300 ne. Jinin dabba kusan kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari ne na nauyinta, ke nan zomo mai kilo biyu da rabi yana da wajen mililita 150, ɓera kuwa bai wuce wajen 20 ba. Idan tambayarka ita ce yadda magani ke hawa da sauka a jini awa bayan awa, zomo zai bar ka ka ɗebi jini a kunnensa sau da yawa ba tare da ka galabaitar da shi ba. A ɓera ɗiba kaɗan za ka yi ka ga ya fara yaushi, sai dai ka raba aikin a kan ɓeraye da yawa, kowanne ya ba da nasa kaso.

Ƙullutun zomo ma ya fi girma nesa ba kusa ba, har ana iya yanka shi salo-salo a duba cikinsa. Da wannan aka gano abubuwa biyu da a ganina suka fi komai bayyana yadda magani ke aiki a cutar nan. Na farko daga Durack da Beeson ne: ƙwayoyin da ke bakin ƙullutun suna ci suna rabuwa, amma na can tsakiya sun lafa kamar masu barci. Penisilin da danginsa kuwa suna kisa ne a lokacin da ƙwayar ke gina sabon bango don ta rabu biyu. Wadda ba ta gini ba ta da inda za a kama ta. Dalilin da ya sa ake yi wa mutum allura mako huɗu zuwa shida ke nan, ko da zazzaɓinsa ya sauka tun makon farko. Na biyu daga Faransa ya fito a 1989, lokacin da Crémieux da Carbon da abokan aikinsu suka yi wa magunguna lamba da sinadari mai fitar da haske a hoto, suka ba zomaye, suka duba inda kowanne ya tsaya. Tobiramaisin ya bazu ko'ina daidai wa daida. Penisilin ya taru a baki yana raguwa yayin da ake shiga ciki. Teikofulanin kuwa ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga tsakiya ba. Wanda ya niƙe ƙullutun gaba ɗaya ya auna zai ce dukkansu sun isa wurin, alhali ɗaya a zaure ya tsaya. In irin wannan tambayar ce ke ranka, ɗauki zomo, kada ka ɓata lokacinka.

Akwai kuma batun dafin ƙwayar cuta. Wasu gubobin da Staphylococcus aureus ke fitarwa, kamar wadda ake kira PVL da wadda ke sa jini ya faɗi farat ɗaya, suna yi wa zomo illa kusan yadda suke yi wa mutum, amma dangin ɓera suna jure musu sosai. Mai son ya ga ko magani yana rage ɓarnar guba, ban da kashe ƙwayar, zai fi samun amsa mai ma'ana a zomo.

Sai dai Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Zomo dabba ce mai laushin rai. Yana iya mutuwa a hannunka tun wajen sa barci. Ba ya jure zafi: ɗakin da ya dace da shi bai kamata ya wuce digiri 22 ba ko kusa da haka, kuma da zarar an haura 30 yana shiga wahala, alhali mu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi bazara tana kai mu 40. Zomon da zafi ya galabaitar sannan aka zura masa roba a zuciya, in ya mutu ba ka san abin da za ka ɗora wa laifi ba. Hanjinsa ma abin lura ne. Likitocin dabbobi sun san cewa ba a ba zomo amoksisilin ko kilindamaisin ta baki, domin suna kashe ƙwayoyin kirki na hanjinsa, mugaye su samu fili, zawo ya kashe shi. Duk wanda shirinsa ya ƙunshi maganin sha daga wannan dangi, to zomo ya fita daga lissafi tun kafin a fara. Kuma kada wani ya ce zai sayo na kasuwa don rage kuɗi. Zomon kasuwa yakan zo da ƙwayar Pasteurella a hancinsa, shekarunsa da asalinsa ba a sani ba, kuma babu mujallar kirki da za ta karɓi sakamakon da aka gina a kansa.

Ɓera ba shi da wannan shagwaɓar. Yana da araha, ana samunsa a gidajen dabbobi na jami'o'i da yawa, keji ɗaya yana ɗaukar da dama, kuma maganin da zai ishi zomo ɗaya zai ishi ɓeraye kusan goma, abin da ke da muhimmanci idan maganin irin daftomaisin ne mai tsada. Amfaninsa mafi girma shi ne yawa. Sakamakon gwajin nan yana da warwatsuwa: dabbobi biyu da aka yi wa abu ɗaya, ɗaya ƙullutunta ya fito fes, ɗaya kuma cike da ƙwayoyi. Da dabba huɗu ko biyar a rukuni ba za ka iya rarrabe aikin magani da sa'a ba. Ga kuma rukunan da ba makawa: wanda ba a ba magani ba, wanda aka ba magani na farko, na biyu, da haɗin biyun. Ɗalibin da ya lissafa wannan da zomaye yakan ga kuɗinsa ya ƙare a rukuni na biyu.

Shi ya sa binciken rigakafi ya fi bunƙasa a ɓera. Tambayar ko maganin da aka sha kafin cire haƙori yana hana cutar kamawa tana buƙatar dabbobi masu yawa, domin ana ƙirga nawa suka kamu ne nawa suka tsira. Mutanen Lozan sun nuna a farkon shekarun 1980 cewa amoksisilin sau ɗaya yana kare ɓera ko da ƙwayar Streptococcus ɗin mai jure kisa ce, muddin yawan ƙwayoyin da aka sa bai wuce abin da ke kama tara cikin goma na dabbobi ba. In aka ninka yawan, kariyar takan rushe. Darasin da ke ciki ga mai shirya gwaji babba ne: yawan ƙwayar da ka zuba yana iya sa magani ya zama gwarzo ko ya zama banza. Daga baya a Lozan ɗin suka koma sa ƙwayar kaɗan-kaɗan na tsawon awoyi, domin ya fi kama da abin da ke faruwa ga mai ciwon dasashi da ke goge baki kullum.

Wahalar ɓera a hannu take. Jijiyar wuyansa siririya ce, tana yagewa da ƙaramin kuskure, kuma sai mutum ya yi ta maimaitawa kafin hannunsa ya faɗa. Ƙullutun ɗan mitsitsi ne, kuskure kaɗan a ma'auni yana canza lissafin giram. Wanda ba shi da sikeli mai auna miligiram da kyau kada ya fara.

Yanzu ga matsalar da ta haɗa su biyun, wadda ita ce ta fi kayar da ɗalibai. Ƙaramar dabba tana fitar da magani daga jikinta da sauri fiye da mutum. Seftiriyazon yakan ɗauki wajen awa takwas kafin rabinsa ya bar jinin mutum, shi ya sa allura ɗaya ko biyu a rana ke isa. A ɓera kafin ka juya ya tafi, zomo ma bai kai mutum riƙo ba. In ka ɗauki ma'aunin mutum ka raba da nauyi ka yi wa ɓera allura sau ɗaya a rana, maganin zai gaza, ka rubuta cewa ba ya aiki, alhali kai ne ba ka ba shi dama ba. Masu bincike a Nant ta Faransa da Basalona ta Sifaniya a zomo, da na Lozan a ɓera, sun magance wannan da famfon allura da kwamfuta ke sarrafawa, yana ƙara gudu yana ragewa yadda maganin a jinin dabbar zai bi sawun yadda yake a jinin mutum. Famfon nan kuwa ba ya son a ɗauke wuta ko na minti goma. Wanda ba shi da shi, abin da ya rage masa shi ne ya yawaita allura, ya auna maganin a jini, ya faɗi gaskiyar abin da ya samu. A nan zomo ya ɗan fi sauƙi domin ba ya zubar da magani da saurin ɓera.

Kafin ka zaɓa, ya kamata ka san iyakar abin da kowannensu zai iya gaya maka, kuma tarihin jentamaisin ya isa misali. A 1975 Sande da Johnson suka nuna a zomo cewa ƙara jentamaisin a kan penisilin yana share Staphylococcus aureus daga ƙullutu da sauri. Bayanin yana da daɗin ji: penisilin ya huda bango, jentamaisin ya samu ƙofa ya shiga ya tsayar da ƙera furotin. Likitoci suka karɓa hannu bibbiyu. Da Korzeniowski da Sande suka gwada a mutane a 1982, da nafsilin shi kaɗai ko tare da jentamaisin, jini ya ɗan riga tsarkaka a masu haɗin, amma yawan masu warkewa bai canza ba, ƙoda kuwa ta fi shan wahala. Zomon bai yi ƙarya ba. An tambaye shi saurin kisa a kwana kaɗan ya ba da amsa, ba a tambaye shi halin ƙodar dattijo mai ciwon suga bayan mako biyu ba. Irin haka ta sake faruwa a 2018, lokacin da aka dakatar da wani babban gwaji da aka jagoranta daga Ostireliya na haɗa bankomaisin ko daftomaisin da dangin penisilin a kan Staphylococcus mai taurin kai, saboda ƙodar masu shan haɗin tana lalacewa, duk da cewa a ɗakin gwaji da a dabbobi haɗin ya yi kyau.

Amma akwai inda zomo ya yi rana. Enterococcus faecalis ƙwaya ce da amfisilin ke hana ta yaɗuwa amma ba ya kashe ta da kyau, don haka tun da daɗewa sai an haɗa da jentamaisin ko sitireftomaisin. Da aka fara samun nau'in da jentamaisin ba ya taɓawa, sai aka rasa tudun dafawa. Seftiriyazon shi kaɗai ba ya yi wa wannan ƙwayar komai, ko ɗalibin aji uku ya san haka. Sai Mainardi da abokan aikinsa a Faransa suka nuna a 1995 cewa idan aka haɗa dangin amfisilin da dangin seftiriyazon, kowanne yana toshe wasu daga cikin furotin ɗin da ke gina bango, na biyun ya rufe waɗanda na farko ya bari. A 1999 Gavaldà a Basalona ya gwada amfisilin da seftiriyazon a zomo, da famfon da ke kwaikwayon jinin mutum, haɗin ya yi aiki. Aka kai shi ga marasa lafiya, kuma binciken Fernández-Hidalgo na 2013 ya nuna yana warkarwa kamar haɗin jentamaisin ba tare da cin ƙoda kamarsa ba. Yau yana cikin jagororin magani na Turai da Amurka. Abin da ya raba labarin nan da na baya, a fahimtata, shi ne an daidaita ma'aunin da na mutum tun a dabba, kuma magungunan biyu an riga an san ba su da mugun dafi.

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne robar kanta. In ka bar ta a zuciya har ƙarshen gwaji, ƙwayoyin suna samun baƙon abu da za su manne wa, cutar ta fi wuyar magani, kuma abin da kake kwaikwayo ya fi kusa da mai ƙyauren roba ko na ƙarfe da aka dasa. In ka cire ta bayan ƙullutu ya fito, ka matso kusa da mai ƙyaurensa na asali, amma ka ƙara wa dabbar tiyata ta biyu, wadda ɓera ya fi zomo jurewa. Ko wanne ka yi, ka rubuta shi a fili, domin sakamakon biyun ba a gwama su.

Na kuma tambayi ɗalibar ko ta tabbata tana buƙatar dabba tun yanzu. Ƙa'idojin da Russell da Burch suka shimfiɗa a 1959 su ne a musanya dabba da wani abu in zai yiwu, a rage yawanta, a sauƙaƙa mata wahala. Akwai hanyar da masu bincike a Ditiroyit suka yi suna da ita, inda ake haɗa ƙullutu na kwaikwayo daga daskararren jinin mutum da ƙwayar cuta, a rataye shi a kwalba, famfo yana shigar da magani yana fitarwa. Ba ta da fararen ƙwayoyin jini ko ƙoda, amma tana tace haɗe-haɗen da ba su da amfani kafin a zubar da jinin ko ɓera ɗaya. Mafi sauƙi ma, a zuba ƙwayar da magani a kwalba a riƙa ƙirgawa a awa 4 da 8 da 24. Haɗin da bai nuna komai a nan ba da wuya ya yi abin mamaki a zuciya. Kuma a sa ƙwayar da yawa, domin sefazolin, alal misali, yana iya yin kyau a kan ƙwayoyi kaɗan ya raunana a kan wasu nau'in Staphylococcus idan sun yi cincirindo kamar yadda suke a ƙullutu.

Shawarar da na ba ta ita ce ɓera. Tambayarta ta ƙirga ce, wato ko haɗin ya fi kowane magani shi kaɗai rage ƙwayoyi, kuma irin wannan tambayar yawan dabba take so fiye da girmanta. Ba ta da ɗaki mai sanyi da za ta dogara da shi, ba ta da famfo. Da a ce tana son ta ga inda maganin ke tsayawa a cikin ƙullutu, ko aikin guba, ko tana shirin kai sakamakon ga gwajin mutane kai tsaye, da na ce ta nemi haɗin gwiwa da inda ke da kayan aikin zomo ko da za ta jira shekara. Na sa ta ƙara abu uku a takardar kafin ta kai wa kwamitin ɗa'a: maganin rage zafi bayan tiyata, alamomin da in ta gani za ta kashe dabbar nan take ba sai ranar da aka tsara ba, da rukuni ɗaya da za a bari kwana uku bayan an daina magani kafin a buɗe. Ta ɗan ɓata fuska a kan na ƙarshen saboda ƙarin ɓeraye ne da ƙarin abinci. Na ce mata ƙullutun da aka niƙa awa kaɗan bayan allurar ƙarshe yana ɗauke da ragowar magani, wanda zai bi shi cikin faranti ya hana ƙwayoyin tsirowa, ta ga faranti fes ta yi murna. Masu barcin nan na tsakiya sai an ba su kwanaki kafin su nuna ko suna nan.